Babi na Huɗu: Wa Zai Ba da Shaida a Kan Mantuwa?

A ɗauka tsofaffi biyu ne suka zo asibiti a safiya ɗaya. Na farko tsohon malamin makaranta ne ɗan shekara 72. Shi kaɗai ya zo, da 'yar takarda a aljihun gaba, kuma tun bai gama zama ba ya zaro ta ya soma karantowa. Ranar Talata ya birkice ɗaki yana neman tabarau, ashe yana goshinsa. Ranar Juma'a ya yi kiciɓis da wani tsohon ɗalibinsa a ƙofar masallaci, suka gaisa har da tambayar iyali, amma sunan yaron bai faɗo masa ba sai bayan la'asar. A mako guda sau biyu yana rikicewa a raka'a ta uku. "Likita," in ji shi, "ni dai na san kan nan nawa ya tafi."

Na biyu ɗan kasuwa ne, sa'ansa a shekaru, 'yarsa ce ta kawo shi. Ma'aikaciyar jinya ta russuna ta ce, "Baba, ko ana fama da mantuwa?" Ya yi dariya. "Mantuwa kuma? A'a, 'yar nan, alhamdu lillahi. Gwiwa ce dai ke damuna." Da aka tambaye shi abin da ya karya da shi, sai ya waiga ya dubi 'yar tasa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, don tun daga gida zuwa nan sau huɗu yana tambayar ta ina za su.

In aka miƙa wa kowannensu takardar tambayoyi aka ce ya faɗi yadda yake ganin ƙwaƙwalwarsa, malamin ne zai fito a matsayin maras lafiya, ɗan kasuwan ya fito garau. In aka zaunar da su aka gwada su, aka karanta musu kalmomi goma aka nemi su maimaita bayan ɗan lokaci, da alama sakamakon zai juye. Likitocin da suka daɗe a wannan fage sun san haka sarai. Andrew Larner, wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Libaful ta Ingila, ya yi rubuce-rubuce a kan alamu biyu da ya riƙa lura da su a ɗakin ganin marasa lafiya. Asibitin yakan rubuta wa mutum cewa ya taho da wanda ya san shi. Wanda ya yi biris da wannan ya zo shi kaɗai, da wuya a same shi da cutar mantuwa. Wanda kuwa ake tambaya yana waiwayen ɗan rakiya don ya cece shi, shi ne abin ji.

To me ya sa har yanzu ake raba takardun? Saboda araha. Cikakken gwajin ƙwaƙwalwa yakan ci awa ɗaya ko biyu, kuma sai wanda aka horar ne zai yi shi. Hoton ƙwaƙwalwa kuwa ba a maganar kuɗinsa. Takarda da biro sun isa a tambayi mutum dubu a mako guda, har ta gidan waya ko ta wayar salula. Shi ya sa tun daga wajen 1980 takardun suka yawaita kamar jamfa a Jos. Donald Broadbent na Jami'ar Oksfod ya fito da tasa a 1982, tambaya 25, a kan kurakuran yau da kullum na wata shida da suka wuce: shiga ɗaki a manta abin da aka shiga ɗauka, mance sunan mutum, da makamantansu. Wata da aka tsara a Amurka a 1990 tambaya 64 ce. Akwai mai 108, akwai mai 16, akwai mai 6 kacal. A 2015 Laura Rabin da abokan aikinta suka tattaro takardun da manyan bincike 19 na ƙasashe daban-daban ke amfani da su, suka ƙirga iri 34, masu ɗauke da tambaya 640, kuma mafi yawansu bincike ɗaya ne kawai ke aiki da kowacce. Kowa da kiɗansa, kowa da rawarsa.

Duk wanda ya saba sayen hatsi ya san mudun da aka doke wa gindi. A auna da shi sau goma, sau goma zai ba da abu ɗaya, ba ya canza magana. Amma abin da yake bayarwa bai kai mudu ba. Masu nazarin ma'auni sun raba waɗannan abubuwa biyu: tsayawa a kan magana ɗaya daban, faɗar gaskiyar abin da ake aunawa daban. A 1982 wani masanin halayyar ɗan Adam, Douglas Herrmann, ya bi takardun mantuwa da ke akwai a lokacin ɗaya bayan ɗaya, ya ga sun ci jarrabawar farko. Wanda ya ce yau ƙwaƙwalwarsa ba ta da kyau, bayan makonni ma haka zai ce. A jarrabawa ta biyu ne suka yi rauni, domin abin da mutum ya faɗa game da kansa bai cika dacewa da abin da ya yi a gwaji ba.

Shekara 32 bayan haka aka sa wa raunin lamba. A 2014 Jessica Crumley da abokan aikinta suka haɗa bincike 53 da aka yi a kan tsofaffi, mutum sama da 20,000. A ma'aunin da 1 ke nufin abu biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, 0 kuma ke nufin ba ruwan wannan da wancan, alaƙar da ke tsakanin ƙorafin tsoho da sakamakon gwajinsa ta tsaya a wajen 0.06. Ba sifili ba ce. Amma wanda zai yi hasashen sakamakon gwajin wani tsoho daga takardarsa kaɗai, bai fi mai canki-canka da komai ba.

Tunda mudun yana ba da abu ɗaya kullum, lalle akwai abin da yake aunawa. An fara gano shi tun 1975 a Jami'ar Shikago, inda Robert Kahn da Steven Zarit da sauran abokan aikinsu suka duba mutane kimanin 150 masu shekara 50 zuwa sama. Sun auna abu uku: yawan ƙorafi, ainihin ƙarfin tunawa, da nauyin ciwon damuwa. Sai suka ga ƙorafin yana bin sawun damuwa ne. Masu baƙin ciki a zuciya su ne suka fi kuka da mantuwa, alhali wasunsu sun yi abin kirki a gwaji. Waɗanda ƙwaƙwalwar tasu ta taɓu da gaske, in dai ba su da damuwa, ƙorafinsu kaɗan ne. An maimaita wannan bincike a ƙasashe da yawa, kuma har yau maganar ba ta tashi ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi ba ya samun barci, hankalinsa ba ya kan abin da ake faɗa masa, don haka tun farko bai riƙe ba balle ya manta. In kuma aka ce ya waiwayi watannin baya, kurakuransa ne ke fara zuwa masa, ranakun da komai ya tafi daidai ba su bar wata alama ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsohon malamin nan. Wataƙila matarsa ta rasu bara. Wataƙila kunne ne ya soma nauyi, ko maganin barcin da yake sha, ko ƙarancin bitamin B12. Duk waɗannan suna da magani ko sauƙi, kuma likitan da ya tsaya a kan makin takarda zai wuce su bai gani ba.

A Mancesta kuma Patrick Rabbitt, wanda ya shafe shekaru yana bin dubban tsofaffi masu sa kai, ya ci karo da wani abin mamaki. Shi da Vicki Abson sun wallafa a 1990 cewa waɗanda suka fi manyanta ba su fi kawo ƙorafi ba, wasu lokutan ma sun fi na bayansu cewa lafiya lau, alhali gwaji ya nuna ƙarfin tunawa yana raguwa da shekaru. Bayanin Rabbitt mai sauƙi ne. Mutum ɗan shekara 55 yana aiki, yana da taro da alƙawura da sunayen baƙi, kullum yana da inda zai yi tuntuɓe. Ɗan shekara 78 ya ajiye aiki, ranakunsa iri ɗaya ne, mutanen da yake gani ya san su tun shekara 40. Ga kuma ma'aunin da yake gwada kansa da shi: in ya dubi sa'o'insa da ke kwance, sai ya ga ai shi sarki ne.

Ita kanta takardar tana sa baki a cikin amsa. A 1985 Norbert Schwarz da abokan aikinsa a Jamus suka tambayi mutane awa nawa suke kallon talabijin a rana. Rabi aka ba su jerin zaɓi da ya fara daga rabin awa ya ƙare a "fiye da awa biyu da rabi". Sauran aka ba su jerin da ya fara daga awa biyu da rabi ya haura. A kashin farko kashi 16 cikin 100 ne suka ce suna wuce awa biyu da rabi, a na biyu kashi 37 da ɗoriya. Mutane ba sa ƙirga abin da suke yi kullum, sai su dubi tsakiyar jerin su ɗauka nan ne matsayin kowa da kowa, su ajiye kansu kusa da shi. In haka ta faru da kallon talabijin, ina ga tambayar sau nawa ka manta inda ka ajiye makulli a wata shida? Kuma "wani lokaci" a bakin mai tsantseni, shi ne "kullum" a bakin mai raki.

Amma babban kullin yana can ƙasa. Takardar tana neman ƙwaƙwalwa ta ba da shaida a kan kanta. Don mutum ya ce ya manta, dole ya tuna cewa ya manta. A 1914 likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana wasu marasa lafiya da ɓarin jikinsu na hagu ya shanye, amma in an tambaye su sai su ce ba abin da ya same su. Ba ƙarya suke yi ba, ba kuma jarumta ba ce: ɓangaren ƙwaƙwalwar da zai kai musu labari ne ya lalace. Irin wannan rashin sanin ciwon kai yana zuwa da cutar mantuwa. A 2015 Robert Wilson da abokan aikinsa a Jami'ar Rush da ke Shikago suka fitar da sakamakon bin tsofaffi 2,092, waɗanda duk shekara ake gwada su kuma a tambaye su yadda suke ganin kansu. Daga cikinsu 239 sun kamu da cutar. Da aka koma baya aka duba, sai aka ga sanin da suke da shi game da mantuwarsu ya soma zubewa kimanin shekara 2.6 kafin a tabbatar da cutar. Wato a daidai lokacin da aka fi bukatar shaidar, a lokacin ne mai shaidar ke ficewa daga kotu.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a tattara takardun a ba masu ƙosai. Sai dai akwai wata fuskar. A 2014 Alex Mitchell na Lesta a Ingila da abokan aikinsa suka haɗa bincike 28 da suka bi mutane kusan 30,000 na tsawon shekaru. Tsofaffin da ke ƙorafin mantuwa amma gwaji bai ga komai ba, kimanin kashi 2.3 cikin 100 nasu ne ke kamuwa da cutar duk shekara. Marasa ƙorafi kuwa kimanin kashi 1. Ninki biyu ke nan. Ana iya karanta lambar ta fuska biyu, kuma duka gaskiya ne: haɗarin ya ninka, amma a kowace shekara kusan 98 cikin 100 na masu ƙorafin ba sa kamuwa da cutar. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, mutum mai kaifin kai yana iya jin ya ragu daga inda yake a da tun gwaji bai kama ba, don gwajin yana kwatanta shi da jama'a ne, shi kuwa yana kwatanta kansa da kansa.

Frank Jessen, likitan ƙwaƙwalwa a Jamus, ya bi wannan zare da tambaya ɗaya tak da aka yi wa 'yan shekara 75 zuwa sama a wajen likitocin unguwa: kana jin ƙwaƙwalwarka tana raguwa? Amsa uku ce. A'a; e, amma bai dame ni ba; e, kuma yana damuna. Masu amsa ta ukun su suka fi kamuwa da cutar a shekarun da suka biyo baya. Abin ya zo da ɗan ban haushi, don damuwar da Kahn ya nuna tana gurɓata ma'auni, ita ce kuma a nan ta zama alama. A 2014 Jessen ya jagoranci wani gungun masana na ƙasa da ƙasa suka lissafa abubuwan da ke ƙara wa ƙorafi nauyi: ya kasance ya fara ne cikin shekara biyar da suka wuce, mai shi ya kai 60, yana jin ya fi sa'o'insa lalacewa, kuma wani na kusa da shi ya ce e, haka ne, mu ma mun gani.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da tarihi. A 1983 Alan Sunderland da John Harris da Alan Baddeley a Kembirij suka yi nazarin mutanen da suka sami mummunan rauni a ka. Sun ba majinyatan takarda, sun ba danginsu irinta. Ta dangin ce ta fi dacewa da gwaji. A ƙarshen shekarun 1980 Anthony Jorm a Kanbera ta Ostireliya ya gina takarda sukutum a kan wannan, wadda aka sani da IQCODE, tambaya 26, daga baya aka taƙaita ta zuwa 16. Ba a tambayar tsohon komai. Wanda ya san shi shekara goma ake tambaya, kuma ba a cewa yana da mantuwa ko babu, sai dai in an kwatanta da shekara goma da suka wuce, ya ƙaru, yana nan, ko ya ragu? Dabarar tana da kyau, domin wanda tun yana saurayi ba ya riƙe suna ba za a ɗora masa cuta ba, kuma yawan karatun boko ko rashinsa bai cika shafar sakamakon ba. Likitoci da yawa yanzu sukan ajiye takardun biyu gefe da gefe su dubi tazarar da ke tsakani. Da fari tsoho ne ke kuka dangi na cewa ba komai. In cuta ta yi nisa sai dangi su koma kuka, tsoho na cewa lafiya lau.

Nijeriya tana da hannu a wannan tarihi. A 1992 aka soma wani bincike tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiyana ta Amurka, wanda Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suka jagoranta, don kwatanta tsofaffin Yarabawa na unguwar Idikan a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na Indiyanafolis. Nan da nan aka ga takardun Turawa ba za su yi ba. Mafi yawan tsofaffin Idikan ba su yi boko ba, da yawa ba su san shekarar haihuwarsu ba, sai da aka tsara jerin manyan abubuwan tarihi da kowa ya sani aka riƙa ƙiyasta shekaru da shi. Ma'aunin da aka yi aiki da shi, CSI-D, wanda aka fara gwadawa a tsakanin ƙabilar Cree ta Kanada, ƙafa biyu gare shi: gwaji ga tsohon, hira da ɗan uwansa. Daga baya Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka lura cewa miƙa wa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba fensir, a ce ta kwaikwayi zane, gwajin makaranta ne ba na ƙwaƙwalwa ba. Sai suka koma ga tsinken ashana huɗu: mai gwaji ya jera su a wata siffa, tsohuwa ta jera irinta. Sakamakon farko da aka wallafa a 1995 ya nuna masu cutar mantuwa kashi 2.29 cikin 100 ne a Ibadan, 8.24 a Indiyanafolis. Wani binciken da aka yi a Zariya da waɗannan kayan aiki, aka wallafa a 2011, ya duba tsofaffi 322 ya sami ƙasa da kashi 3.

Sai dai shaidar dangi ma tana da nata lotsawar. Ƙungiyar bincike ta 10/66, wadda sunanta ke nuni da cewa ƙasa da kashi 10 na bincike ne ake yi a ƙasashen da kashi 66 na masu cutar ke zaune, ta duba tsofaffi kusan 15,000 a ƙasashe bakwai ta wallafa a 2008. Da aka bi ƙa'idar likitocin Amurka, wadda ke bukatar a nuna mantuwar ta hana mutum harkokinsa, ƙauyukan Indiya sun fito da kashi 0.3 kacal. Da aka bi hanyar ƙungiyar, wadda ta fi jingina da gwaji, babu wurin da ya gaza kashi 5.6. Masu binciken sun lura cewa a wuraren da suka fi talauci, dangi ba su cika cewa tsohonsu ya ragu ba, ko da gwaji ya nuna ƙarara.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin dalili. A babban gida jika ke miƙo buta, suruka ke kawo tuwo, ɗa ke riƙe da lissafin shago, wani yaron ke jan hannu zuwa masallaci. Tsohon da aka ɗauke wa komai, ina zai yi tuntuɓen da za a gani? In ma an gani, akwai sunan da ke rufe maganar: gigin tsufa ne, kowa ya daɗe zai iske shi. Ga kunya. Ɗan da aka haifa aka yi wa tarbiyya ba zai zauna gaban baƙo, mahaifinsa na ji, ya ce Baba ya ɓata a hanyar gida ba. Tambayoyin da za su fito da gaskiya a nan su ne na rayuwar gidan: har yanzu shi ke raba gardama in an taru? Yana gane kuɗi in an ba shi canji? Surorin da ya haddace tun yana yaro suna nan? Hajiya tana riƙe da lissafin adashi kamar da, ko an karɓe a hankali ba tare da an ce an karɓe ba?

Sannan akwai batun wanda ya zo rakiyar. Sau da yawa babban ɗa ne, wanda ya taso daga Abuja ko Kaduna da mota, shi zai biya kuɗi, shi likita zai miƙa wa takarda. Yakan ga mahaifinsa da sallah da sallah, su gaisa, gaisuwa kuwa tana cikin abubuwan da cutar ke bari sai can ƙarshe. Zai cike takardar da zuciya ɗaya ya ce Baba yana nan yadda yake. Wadda ta san sau nawa aka tsinci carbi a cikin kwanon miya, wadda ta san Baba ya ci abincin rana ya dawo yana faɗa ba a ba shi ba, matar ƙanen babban ɗan ce, kuma tana gida tana tuƙa tuwo.